Kwalbar Man Zaitun a Makokin Malam Lawal

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen 'ya'yana, da ranar da na zauna a tabarmar makoki a Batsari na buɗe bakin nan nawa na yi wa mutane lacca a kan man zaitun. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin aji nake da alli a hannu, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in faro daga tushe, don ku san ba rana ɗaya na haukace ba, a hankali abin ya ci ni.

Ni malamin lissafi ne, ɗan cikin birnin Katsina, aiki ya jefa ni wata sakandare a Safana. Ranar da na sauka da jaka da katifa a naɗe ban san ko mutum ɗaya a garin ba. Wanda ya karɓi katifar daga hannuna shi ne Malam Lawal, malamin aikin gona, ƙaton mutum mai dariyar da ake ji tun daga bakin get. Mutumin Karare ne, amma 'yan bindiga sun tashe su, iyayensa da ƙannensa suka koma cikin garin Batsari suka kama haya, gonar kuwa sai a je a saci aiki a dawo. Shi ya samo mini ɗaki, shi ya nuna mini hanyar da ba a bi in la'asar ta yi, kuma shi ya fara ja mini kunne tun a makon farko.

"Malam, nan ba birni ba ne," in ji shi. "Abin da ka gani ka bar shi cikin idonka. Ba ka san wa ke zaune kusa da kai ba, kuma magana tana riga mutum isa daji."

Na gyaɗa kai kamar na fahimta. (Ku riƙe wannan maganar, ni ban riƙe ta ba.)

Wata rana ma'aikatan lafiya suka zo makarantar suka ɗibi jinin malamai kyauta. Da sakamako ya dawo, likitan ya keɓe mu, ni da Malam Lawal, ya ce kitse ya yi yawa a jininmu, nasa ma ya fi nawa muni. Ya bayyana mana cewa kitsen iri biyu ne. Akwai mugun da ke liƙewa a hanyoyin jini har ya toshe su, akwai kuma mai kyau da ke bi yana share mugun, shi ake so ya ƙaru. Ya ce mu rage man shanu da soye-soye da nama mai kitse, mu yawaita wake da ganye da kifi da gyaɗar da ba a soya a mai ba, mu riƙa tafiya a ƙasa, in da hali kuma mu nemi man zaitun na gaskiya.

Malam Lawal ya dafa tumbinsa ya ce, "Likita, ashe shi kitsen ma akwai mumini akwai munafuki?"

Suka yi ta dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba. Mahaifina yana alwalar azahar ya kife a kan buta, kafin a samo mota rai ya yi halinsa, daga baya aka ce zuciya ce. Ni na ɗago kansa daga ƙasa. Don haka da na kalli Malam Lawal yana dariya, ba shi nake gani ba, wancan tsakar gidan nake gani. A raina na rantse mutumin nan ba zai faɗi a gabana ba, ko yana so ko ba ya so. Ba ni da wani aboki a Safana sai shi, kuma ina tsoron rasa shi, wannan ita ce gaskiyar magana.

Daga nan na zama likita. Ni da ko a mafarki ban taɓa karanta likitanci ba, duk ƙarshen mako in na koma Katsina sai in kwana a waya ina kallon bayanai, in dawo Litinin cike da ilimi kamar tulu.

Kwalbar farko a wani kantin magungunan Musulunci na saya, 'yar ƙarama ta roba, an jera ire-irenta a rana a bakin shago. Ban tambayi komai ba, ai ni masani ne. Na kawo ta ɗakin malamai, na kwarara a kan wake da shinkafa a gaban kowa, na kai loma. Wallahi kamar na tauna hular wani alhaji ranar Juma'a. Ashe na shafawa ne, wanda ake haɗawa da miski ana yi wa masu fama da iska tofi a ciki. Na haɗiye don kada a ga gazawata, na ƙara loma ta biyu idona na kawo ruwa. Malam Lawal ya sunsuna kwalbar ya faɗi a benci.

"Shi ke nan, Malam, yau ko aljani guda bai saura cikin hanjinka ba!"

Tun daga ranar sunana ya koma Malam Zaitun, har ɗalibai suna faɗa a bayan idona.

Wani da ya sha wannan kunyar da ya saduda. Ni ƙara zurfi na yi. Na koyi cewa na gaskiya ba a roba yake zuwa ba, a kwalba mai duhu yake ko gwangwani, don haske da zafi suna kashe shi. Na koyi duba lokacin da aka tatse shi, domin shi ba ya son daɗewa. Na koyi cewa in ka sunsuna za ka ji kamar ɗanyen ganye da aka murje, in ka kurɓa yana da ɗan ɗaci, sannan ya karci maƙogwaro har ka yi tari. Wanda ya wuce sulɓi kamar man gyaɗa, to ka bincike shi, wataƙila man gyaɗar ne aka rina. Na ji an ce a gwada shi a firji, na ɗauki kwalba na kai firjin mai shagon lemo, muka zauna jiran wuta har na manta abin da nake jira. (Daga baya na ji wai gwajin ma ba abin dogaro ba ne.)

A ƙarshe wani ɗan'uwan matata mai zuwa Kano fatauci ya samo mini na kirki, kwalba biyu. Tsadarsa kuwa, Hajara matata ta kwana biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Ɗaya tawa, ɗaya na kai wa Malam Lawal da hannu bibbiyu kamar mai kai lefe. Ya kurɓi cokali guda, ya shaƙe, ya yi tari har hularsa ta faɗi.

"Wannan mai ne ko barkono?"

"Alamar na gaskiya ke nan," na ce, ina ji da kaina.

"To madalla. In sarƙar babur ɗina ta bushe zan ɗiga mata."

Ya jefa kwalbar a jaka. Washegari, a gaban idona, ya aika aka sayo masa tsire, ya ce a zaɓo mai kitse, ya zauna daidai teburina yana ci yana lumshe ido. Haka muka yi ta yi zangon karatu guda. Ni wa'azi, shi tsokana. In ya ɗaga kwanon fura in tambaye shi ko da man shanu, in ya hau babur in ce me ya hana shi takawa. Na zame masa ƙarfen ƙafa, har sauran malamai suna cewa in bar bawan Allah ya sha iska.

Ranar da aka ba da hutun damina raina ya ɓaci sosai. Na same shi yana siɗe yatsu, na ce, "Wallahi Malam Lawal, kitsen nan sai ya kashe ka."

Bai yi dariyar da ya saba ba. Murmushi kawai ya yi, ya goge hannu a takarda.

"In dai kitse ne ya kashe ni a ƙasar nan, Malam, ai na yi sa'a. Bisa gadona zan mutu."

Na yi tsaki na ɗauki jakata, ko sallamar kirki ban yi masa ba. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe.

A lokacin an yanke layin waya a duk yankin, labari sai dai a baki. Ina Katsina, hutu ya yi nisa, na je tasha karɓar saƙo sai wani direban a-kori-kura mai bin hanyar Batsari ya gane ni. Ya ce, "Malam, ka ji Malam Lawal ɗinku ya rasu? Shekaranjiya aka kai shi." Na dafa motarsa. Na ce ciwo ya yi? Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ce, "Kwana ya ƙare, Malam," ya juya ya ci gaba da ɗaure kaya.

Duk mai hankali da ya zauna a Safana ya san ma'anar wannan waigen. Ni kuwa tuni na gama lissafina, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa: kitse. Abin da na guda ya faru. Ya faɗi kamar yadda mahaifina ya faɗi, ga magani a jakarsa ya ƙi sha.

Washegari da safe na hau motar Batsari. Abin kunya, ba baƙin ciki ne ya fi yawa a zuciyata ba, fushi ne. Fushi nake yi da mamaci. Duk shingen da aka tsayar da mu, duk gonar da muka wuce ta zama saura ciyawa ta cinye ta, ban ga ko ɗaya ba, ina can ina masa faɗa a cikin kaina. Kwalbata kuwa tana aljihun babbar riga, don a lokacin ko ina za ni da ita nake tafiya.

Da na shiga layinsu na ga tabarmi a ƙofar gida uku, kowanne da nasa masu zaman makoki. Ban tsaya na tambayi kaina ko kitse ne ya bi layi ɗaya ya ɗauke mutum uku a rana ɗaya ba. Aka nuna mini nasu, na tuɓe takalmi na durƙusa gaban mahaifinsa, wani dattijo siriri mai farin gemu.

"Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ashe Malam Lawal lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin. An zo lafiya? Ya hanya?"

Aka yi addu'a aka shafa, na koma gefe na zauna. Kusa da dattijon akwai wani saurayi mai kama da Malam Lawal, hannunsa ɗaya naɗe da bandeji an rataye shi a wuya. Na gan shi sarai. Na ce a raina babur ne ya kayar da shi.

Wurin shiru. Ba irin shirun makokin birni ba, inda bayan addu'a ake ɗan taɓa hira a kan yadda ciwon ya faro da asibitin da aka je. Nan kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, in baƙo ya zo a yi addu'a a sake yin shiru. Ni kuwa shirun nan cina yake yi. Can wani mutum mai jiki, wanda daga baya na ji kawun mamacin ne, ya tambaye ni daga ina. Na ce abokin aikinsa ne daga Safana.

"Af, kai ne mai man nan? Shina yawan maganarka."

Da ma kaɗan nake jira.

Na gyara zama. Na ce ni ne, kuma Allah ya gani na yi iya ƙoƙarina. Na ba su labarin gwajin jini. Na raba musu kitse gida biyu, mugu da mai kyau, har da kwatance da magudanar ruwa da shara ta toshe. Ba wanda ya ce uffan, ni kuma na ɗauka natsuwar ɗalibai ce, sai na ƙara murya don na bayan su ji. Na sa hannu a aljihu na zaro kwalbar, na dangwarar da ita a tsakiyar tabarma kusa da kwanon dabino. Na nuna musu duhun kwalbar, na nuna inda ake duba lokacin tatsa, na gargaɗe su da na roba da ake shanyawa a rana. Na juya kan kawun nan, na nuna cikinsa da yatsa (da yatsa, jama'a, a gidan mutuwa) na ce shi ma ya je a duba shi tun kafin a zauna masa irin wannan zaman.

Wani tsoho ya yi gyaran murya. Wani ya ce, "Malam, a yi salati." Na yi salatin, na ɗora daga inda na tsaya. A lokacin hawaye sun fara zubo mini, fushin da kukan sun haɗu, bakina ya ƙwace daga hannuna.

"Sau nawa na faɗa masa? Na roƙe shi, na yi masa faɗa, ya mai da ni mahaukaci. Wallahi ba wanda ya kashe Malam Lawal sai Malam Lawal. Da hannunsa ya kashe kansa, loma bayan loma!"

Carbin mutane ya tsaya. Saurayin nan mai bandeji ya ɗago ya kalle ni, wani irin kallo da ban taɓa gani ba. Ya yunƙura zai tashi, dattijon ya dafa gwiwarsa. Sannan dattijon ya miƙe da kansa, a hankali, ya ce, "Malam, taho mu shiga zaure. Sada, kai ma taho."

Saurayin mai bandeji ya miƙe, na bi su ina share ido. Har a lokacin, don ku san iyakar wautata, ina zaton zai tambaye ni inda ake samun man ne.

A zauren ya sa Sada ya turo ƙyaure. Ya rage murya har sai da na matso.

"Malam, mu nan ba mu hwaɗin abin da ya kashe mutum a bakin hanya. Cikin masu zaman nan akwai wanda ban san mi ya kawo shi ba. Lawal bai hwaɗa maka haka ba?"

Ya faɗa mini. Tun makon farko.

Sada ne ya ba da labarin, idonsa a ƙasa. Sun je gonarsu ta gyaɗa da ke bayan Karare da safe, su da maƙwabta, don su yi maimai, wato noma na biyu, su dawo kafin rana ta take. Mutanen daji suka ɓullo a kan babura. Kowa ya watsar da fartanya ya ruga. Shi an same shi a hannu, ya faɗa cikin dawa ya kwanta. Yayansa Malam Lawal da mutum biyu na layin nan ba su kai dawar ba. Sai da yamma aka iya zuwa aka ɗauko su.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko wannan gata ne da ban cancanta ba. Na tuna maganarsa ta ranar hutu, ta gado da sa'a. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito sai wani sauti kamar na akuya. Na durƙusa na kama ƙafar dattijon.

"Tashi, Malam, tashi. Rashin sani ne. Sada, ɗauko mashi abin nan."

Sada ya shiga cikin gida ya dawo da kwalba mai duhu, irin tawa sak. Na karɓa na ɗaga ta saitin hasken ƙofa. Saura ɗan kaɗan a gindi, bai fi cokali ba.

"Kullum da sahe sai ya sha," in ji Sada. "Ya sha ya yi tari, ya ce Allah ya isa tsakaninshi da Malam Zaitun. Ya hana Inna sa mashi man shanu a tuwo, kullum wake da zogale, har tana mashi hwaɗa wai ya rame. Ya ce kada wanda ya gaya maka, in ka ji kanka zai kumbura. Wai sai an koma makaranta an sake gwajin nan, ya ga yadda za ka yi da baki."

"To tsiren fa?" na ce, don ban san me zan ce ba.

Sai a lokacin Sada ya ɗan yi murmushi. "Wannan don kai yake saye."

Nan na yi kukan da ya kamata in yi tun a tasha. Dattijon da aka kashe wa ɗa, shi ne ya tsaya yana bubbuga bayana yana ba ni haƙuri.

Saura fita. Ba wata ƙofa sai wadda na shigo, dole in ratsa mutanen nan. Na fito kaina a ƙasa ina laluben takalmi. Kwalbata tana nan tsaye a tsakiyar tabarma inda na bar ta, ba wanda ya taɓa. Wani ya ɗauka ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa, hannu zuwa hannu har ta iso gare ni, ba wanda ya ɗago ido. Da zagina suka yi da na ji sauƙi. Kawun nan da na nuna wa ciki shi ya rako ni har bakin layi, ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ba da lada, Malam. Ka kama hanya tun da rana." Na hau bayan a-kori-kura da kwalba biyu a aljihu, duk ramin da muka faɗa sai sun gwaru sun yi ƙara.

Da aka koma makaranta an sake gwajin. Nawa ya gyaru, mai kyan ya ƙaru, likita har yana yaba mini. Na fito da labarin a bakina na tsaya a baranda, na rasa wanda zan kai wa.

Har yanzu ina shan man zaitun, kuma duk wanda ya tambaye ni yadda ake gane na gaskiya ina faɗa masa, amma fa sai ya tambaya, sai kuma na duba a kan wace tabarma muke zaune. In na je ta'aziyya kuwa, lissafina ba ya wuce "Allah ya jiƙansa", daga nan in kama bakina da carbi. Na gane cewa a wajenmu mutum zai iya yin duk abin da likita ya ce, cokali bayan cokali, ya kuma tafi gona da safe.

Kwalbar Malam Lawal tana cikin akwatina, a ƙasan kaya inda haske ba ya kaiwa. Na san ɗan abin da ya rage a ciki ya daɗe da lalacewa, ai ni na koya wa mutane cewa man zaitun ba ya son daɗewa. Hajara ta sha cewa in zubar ta wanke kwalbar ta zuba wani abu. Ban zubar ba.